Sun Ƙanƙance Min Madannai

Litinin, da hantsi

Manhajar sautina ta sabunta kanta jiya, ba sallama ba neman izini. Yau na buɗe kwamfuta a ɗakin gwaji na tarar an canza min gida. Layukana takwas suna nan, amma an matse su sun koma kamar zaren ɗinki, an rubuta sunayensu da wani siririn rubutu ruwan toka a kan fari. Madannin ɗauka da na kunnawa da na yin shiru da na gogewa duk an mayar da su 'yan ɗigo-ɗigo a jere. Wai zamani. Ina so in ga fuskar wanda ya zana wannan abu. Na tabbata bai taɓa zama a gefen dandamali cikin duhu, makirufo a gabansa, faranti a cinyarsa, darakta na zare masa ido ba.

'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayon nan sun ɗauka danne-danne kawai nake yi. Ni ce sautinsu tun kafin wasunsu su iya ɗaura zani. A gaban 'yan kallo nake haɗa komai. In zuba yashi a kan faranti, manhaja ta kama, ta dinga zagayo da shi, ya zama ruwan sama. In ɗora ganga a layi na biyu, numfashina a na uku, ƙarar kwale-kwale a na huɗu, duk suna juyawa tare. Hayaniyar kasuwa da dariyarta kaɗai na ɗauka tun tuni na ajiye. Kowane layi da madannansa a kan allo, kuma dole hannu ya faɗa kan wanda ake so, a daidai lokacin da ake so.

Ƙarshen wata za mu buɗe sabon wasa a babban zaure. Sai yanzu suka ga damar yi min kwalliya.

Litinin, da yamma

Na goge ruwan sama.

Ana tsakiyar gwaji, Tauraruwa tana bakin kogi tana jiran mijinta masunci, Darakta ya ɗaga hannu in ɗauke ruwan na ɗan lokaci. Na danna. Da ya sauke hannu na sake dannawa, shiru. Layin ya koma fayau, ba komai a ciki. Madannin gogewa na taɓa maimakon na yin shiru.

Darakta ya juyo. "Anti, lafiya?"

Na ce lafiya lau, a tambayi masu manhaja. Wane mai hankali ne zai ajiye gogewa kafaɗa da kafaɗa da yin shiru, kala ɗaya, girma ɗaya? Tauraruwa ta riƙe ƙugu tana kallon silin, wai an katse mata shauƙi. Shauƙin me? Yarinyar da idan za ta yi kuka sai ta fara leƙa madubi.

Talata, bayan azahar

Na zauna na shiga saiti na ƙwace gidana. Ashe sun bar ƙofa, sun dai ɓoye ta a can ƙarƙashin wasu kalmomi. Na mayar da bayan allon baƙi. Na ba kowane layi launinsa: ruwan sama shuɗi, ganga ja, numfashi fari, kwale-kwale ruwan ƙasa, kasuwa ruwan ɗorawa. Na ɗauke madannin gogewa na jefa shi can ƙuryar ƙasa shi kaɗai, kamar mai laifi. Na ƙara girman rubutu har inda suka yarda.

Inda suka yarda ɗin ma bai kai ya kawo ba. Marowata.

Laraba, da safe

Fitilun ɗakin gwaji sun yi rauni. Na faɗa wa mai kula da ginin, ya ce sababbi ne. Maƙaryaci.

Alhamis, da yamma

Darakta ya kawo min baƙo. Dogon mutum, ɗan gayu, riga a guge har tana yanka, gilashi a ido, jakar kwamfuta a baya. Wai abokin ƙaninsa ne, ya yi aiki a situdiyo, ya san irin wannan manhaja ciki da waje. Wai ya zo ne ya "ɗan taimaka".

Na ce, "Taimakon me? Wani ya yi ihu?"

Darakta ya yi dariyar nan tasa ta yaƙe. "Haba Anti, hannu da yawa ai ba laifi ba ne."

Mai Gilashi ya durƙusa ya gaishe ni har ƙasa, irin ladabin da ake yi wa tsohuwar kujera kafin a fitar da ita waje. Ya leƙa allona ya ce, "Kai, Anti, launukan nan sun yi ƙarfi. Ina zanen igiyar sautin? Ina ma'aunin ƙara? An rufe rabin abin da ake bukata."

Na ce masa ni da kunne nake jin ƙara, ban san shi da me yake ji ba.

Na fita yin alwala. Kafin in dawo ya yi min gwaninta. Ya dawo da duk tarkacen da na kwashe, 'yan tsaunukan sauti suna ta rawa a kowane layi, lambobi suna gudu, rubutu ya koma ƙwayar gero. Yana tsaye yana murmushi, yana jiran in sa masa albarka. Na ce ya mayar da shi yadda ya same shi. Ya mayar, yana ba da haƙuri. Allah ya so shi ya ajiye nawa tsarin kafin ya taɓa.

Ya tambaye ni a hankali, don kada a ji, wai ko ina so ya nuna min inda ake ƙara girman komai da komai, ba rubutu kaɗai ba. Na ce ban tambaye shi ba.

Asabar, da hantsi

Yaya, babbar 'yar'uwata da muke gida ɗaya, ta fara. Tunda ta bar aikin jinya ta rasa majinyata, ni ta mayar asibitinta. Muna karyawa na zuba shayi, ya ɗan zube a gefen kofi. Shi ke nan. Ta ajiye cokali ta zuba min ido.

"Auta, rufe idon dama ki kalle ni."

Auta. Da furfurata.

Na ce ba zan rufe ba, ni ba 'yar firamare ba ce. Ta ce jiya ta ga na gaishe da rigar da aka shanya a igiya. Na ce rigar ta fi wasu mutane mutunci. Ba ta yi dariya ba. Ta ce tana da wata tsohuwar abokiyar aiki a asibitin ido, za ta kira ta. Na ce ta kira, ta gaishe min da ita.

Alƙaluman zamani ma sun lalace. Ba sa fita sosai. Na sayi mai kauri.

Litinin, bayan la'asar

Na gano wurin da kaina, ba da taimakon kowa ba. Ana iya rage yawan layukan da ke fitowa a lokaci guda. Na mayar da su huɗu a shafin farko, huɗu a na biyu. Yanzu kowane layi ya zama falle guda, faɗinsa kamar tafin hannu. Na cire agogo, na cire sauran tarkacen da suka rage. Na bar da'irar nan kawai mai cika tana komawa, wadda ke nuna inda zagaye ya kai, na kumbura ta ta cika rabin layin.

Ya yi kyau. Ya fi nasu kyau nesa ba kusa ba. Su zo su koya.

Mai Gilashi yana zaune a bayana a kan benci duk tsawon gwaji, hannu a gwiwa, ko tari ba ya yi. Ina jin numfashinsa a ƙeyata. Yana rubuta wani abu a wayarsa duk lokacin da na danna. Ɗan leƙen asiri.

Talata, da yamma

Lafiya lau. Ba kuskure ko ɗaya. Ba wanda ya ce sannu.

Laraba, da yamma

Ba na son rubuta na yau. Zan rubuta don kada gobe wani ya ba da shi a karkace.

Akwai wurin da masunta ke dawowa su ajiye hular mijin a gaban Tauraruwa, ba wanda ya ce uffan. Nan numfashi ke shigowa, a hankali. Numfashi yana shafin farko, layi na uku. Ni kuwa ina shafi na biyu, ban koma ba, ban kuma lura ba. Fari da ruwan ɗorawa, ai kusan abu ɗaya ne a wannan allon banza. Na danna na uku.

Kasuwa ta ɓarke da dariya. Lasifika huɗu, har da shewar mata.

Tauraruwa tana durƙushe da hular a hannu. Masuntan suka fara ƙyalƙyalewa, ɗaya ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Ita kuwa ta miƙe ta yi jifa da hular ta ce, "Wallahi in haka za a yi min a gaban jama'a, ba zan hau ba. A zaɓa, ko ni ko tsohuwar nan."

Tsohuwar nan. Ni na koya mata yadda ake tsayawa gaban makirufo ba tare da an tofa masa yawu ba.

Ina ta laluben inda zan kashe, dariyar tana ta zagayowa, tana ƙarewa tana sake farawa. Sai hannu ya zo ta kan kafaɗata ya danna. Shiru. Mai Gilashi ya koma bencinsa.

Da ya yi magana ma da ya fi min.

Alhamis, da hantsi

Darakta ya kira ni ofishinsa, wannan akurkin da yake kira ofis. Ya zuba min ruwa, ya gyara zama, ya fara daga tarihi. Wai ni uwa ce a ƙungiyar nan, wai ba don ni ba da ba su kai ko'ina ba. Duk wanda ya fara maka da kirari, duba hannunsa na baya.

"Anti, ba cire ki za a yi ba. Zai zauna ne kusa da ke ranar buɗewa. Ko da wani abu."

"Wane abu?"

Ya kalli tebur. Ya ce, "Anti, jiya na miƙo miki hannu da takardar tsarin fitowa, kika kama iska."

Na ce masa ya riƙa miƙa abu kamar mutum, ba kamar mai ba kura nama ba. Na tashi. A bakin ƙofa kafaɗata ta bugi ƙyaure. Ƙofar ma a karkace take, kamar mai ita.

Juma'a, da safe

Na rufe idon dama. A banɗaki, ni kaɗai.

Asabar, da yamma

Ban je gwaji ba. Na ce mura nake yi. Na wuni a ɗaki da kwamfuta. Na canza launin kasuwa zuwa kore shar. Na sa wa shafi na biyu jan gefe mai kauri, yadda ko jaki zai san ya bar na farko. Na goge sunayen layuka na bar harafi ɗaya-ɗaya, kowanne kamar kan mutum. Na duba, na sake canzawa. Na duba, na sake.

Yaya ta leƙo ta ce, "Hancinki zai huda allon nan."

Na ce ta ja min ƙofa.

Ta ce Litinin da safe za mu je asibitin ido, ta riga ta yi magana. Na koma kan allona. 

Litinin, bayan azahar

Mun je. An ɗiga min wani abu, an haska, an sa na ɗora haɓa a kan ƙarfe kamar akuya a mahauta. An ce abin da aka ce.

Talata, da hantsi

Jiya ban iya ganin layin takarda ba saboda abin da suka ɗiga.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Tauraruwa ba, da murya irin ta masu lallashin yara. "Mama, kin daɗe kina ganin haka?" Na ce ganin me. Ta nuna wa Yaya hoto a allonta, suka haɗa kai suna ƙus-ƙus kamar ba na ɗakin. Allon nata ma rubutun ƙwayar gero ne. Duk bakinsu ɗaya.

Ga abin da ta ce, in ji ta. Na hagu ya riga ya yi nisa, sai dai a lallaɓa abin da ya rage a gefe-gefe. Na dama ya fara, amma ana iya tare shi da allura in an yi da wuri. Allura a cikin ido. Ta faɗe shi kamar mai cewa a sha ruwa. Ranar Alhamis kawai suke yi, kuma ta samo min gurbi a Alhamis ta sama. Bayan an yi, idon zai wuni a rufe da bandeji. In na bar wannan gurbin, na gaba yana can da nisa, kuma ba ta ba ni shawarar jira ba.

Alhamis ta sama muke buɗe wasa.

Na ce ina da aiki ranar. Ta ce, "Wane aiki ne ya fi ido, Mama?" Na ce irin wanda ba a koyarwa a makarantarsu. Yaya ta taka min ƙafa.

A mota, da muka kusa gida, Yaya ta dube ni. Ta ce, "In kin makance ni zan ja ki, ban damu ba. Amma ki sani kullum sai na tuna miki."

Za ta aikata kuwa.

Alhamis, da yamma

Na samo mafita, kuma ba likita ce ta ba ni ba. Na tono tsohon fedal ɗina na ƙafa mai madannai huɗu daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe. Na shiga saiti na ɗaure kowane madanni da aikinsa: na farko ɗauka, na biyu kunnawa, na uku shiru, na huɗu ya tsallaka zuwa layi na gaba. A kan allo na bar layi ɗaya tak a lokaci guda, ya cika fuskar gaba ɗaya. In shuɗi ya cika ɗakin, ruwan sama ne. In ja, ganga.

Da wannan zan yi ranar buɗewa, allura ta jira.

A gwaji ya yi aiki. Sai dai daga ruwan sama zuwa kasuwa sai na taka sau shida, kuma wasan ba ya jira. Na makara a wuri biyu. Kaɗan. Ba wanda zai lura in ba mai neman laifi ba. Tauraruwa ta lura.

Mai Gilashi ya tsaya bayan an tashi yana naɗe waya. Ya ce dabarar fedal ɗin ta burge shi, bai taɓa ganin wanda ya yi haka ba. Na ce akwai abubuwa da yawa da bai taɓa gani ba. Ya ce haka ne. Mutumin nan ko zaginsa ka yi sai ya ce haka ne. Ba daɗin faɗa da shi.

Asabar, da safe

Sandar labulen ɗakina ta lanƙwashe a tsakiya. Na hau kujera na shafa ta. A miƙe take.

Da idon dama na ga lanƙwasar.

Lahadi, da yamma

Na gaya wa Yaya ta ce wa yarinyar likitar nan ta riƙe min gurbin. Ta buɗe baki za ta yi wa'azi, na ce in ta ce ko "alhamdu" na fasa. Ta rufe. Na ji ta a kicin tana jan hanci, wai albasa.

Na kira Darakta. Na ce ranar Alhamis ina da uzuri, mutuminsa ya zauna a kujerata. Ya yi ta "ayya Anti, Allah ya sawwaƙe, ai lafiya ita ce gaba." Ina jin sauƙin da ya samu yana tsiyayowa ta cikin wayar. Ko kunyar ɓoyewa bai yi ba.

Litinin, bayan la'asar

Na wuni ina gyara wa wani gado a ɗakina.

Na zaunar da Mai Gilashi a kujerata, ni ina tsaye a kansa. Na ce ya dawo da layuka takwas a shafi ɗaya tunda Allah ya ba shi ido huɗu. Ya dawo da su. Na ce ya bar launukana. Ya bari. Ya roƙi a bar masa ma'aunin ƙara, na ce ya ɗauka, tunda kunnen nasa na ado ne. Na sa ya jera layukan yadda suke shigowa a wasan, daga hagu zuwa dama, ba yadda masu manhaja suka ga dama ba. Na sa ya kulle madannin gogewa, sai an danna an riƙe kafin ya yi aiki. A kan layin kasuwa na sa ya rubuta da manyan baƙaƙe: KADA KA TAƁA SAI AN BUƊE LABULE. Ya rubuta yana murmushi. Na ce me ye abin dariya. Ya ce babu.

Sai faranti. Nan na ga iyakar ilimin situdiyo. Ya kwara yashi gaba ɗaya, ruwan samansa ya fito kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Na kama hannunsa na karkata. Na ce a hankali, daga gefe, ka bar shi ya gangaro da kansa. Ya sake. Ya sake. Wajen la'asar ya fara kama da yayyafi a kan kwanon gidan matalauta. Na ce zai yi, tunda ba mu da wani.

Numfashinsa kuwa kamar na mai hawan bene. Na ce ya bari, na ɗauki nawa na ajiye masa a layi na uku. Aƙalla wani abu nawa zai shiga zauren.

Laraba, da yamma

Gwajin ƙarshe. Na zauna a benci a bayansa, hannu a gwiwa. Ashe bencin nan yana da ƙusa.

Juma'a, da hantsi

An cire bandeji. Idon yana yaji kamar an zuba masa barkono, akwai wani baƙin ɗigo yana iyo a ciki, wai zai tafi. Zan rubuta da manya, wanda bai so ba ya bari.

Allurar ba ta kai yadda na zata ba. Ba zan gaya wa yarinyar ba, kanta zai kumbura.

Jiya da muka dawo daga asibiti Yaya ta ce in kwanta. Na ce ko ta kai ni zauren ko in tafi da lalube. Ta kai ni, tana mita tun daga ƙofar gida. Ta riƙe min gwiwar hannu, tana "ga mataki, ga wani," da ƙarfi, don duk duniya ta ji. Aka zaunar da mu a tsakiya. Na dama a rufe, na hagu yana ba ni haske da inuwa a gefe-gefe, tsakiya kuwa ba komai. Duk shekarun nan ban taɓa zama ta gaba ba. Ashe haka lasifikan suke jefo sauti, ashe na hagun yana ɗan shaƙewa. Ba wanda ya taɓa gaya min.

Ruwan sama ya shigo a makare, kaɗan. Kwale-kwale ya yi ƙara da yawa. Na riƙe su duka a raina, ina lissafa masa. Kasuwa ta shigo daidai, ta fita daidai. Wurin hula numfashina ya tashi, na ji matar da ke gabana ta daina taunar abin da take tauna. Tauraruwa ta yi kukanta. Ba laifi. Da kunne kaɗai ta fi daɗin sha'ani.

Sai ƙarshe. Tauraruwa tana tsaye a bakin kogi ita kaɗai, fitila na dusashewa. A nan kullum nake shigo da ganga, a hankali, tana hawa tana hawa har labule ya rufe. Haka na koya masa. Na ɗaga ƙafata ina jira.

Bai shigo da ita ba. Ya ɗauke ruwan saman ma. Ya ɗauke numfashin. Ya bar zauren ba komai.

Na ce shi ke nan, ya rikice, ya kashe mu. Na damƙi hannun Yaya. Shirun ya yi tsawo. Sai na ji shi. Ɗaruruwan mutane a zaune, ba mai motsi, har ana jin ƙarar takalmin yarinyar da ta ɗan gyara tsayuwa a kan katako. Wani dattijo a bayana ya saki ajiyar zuciya. Labule ya rufe a cikin wannan shirun, kuma sai da aka ɗan jima kafin wani ya tuna ana tafi.

Ya fi nawa.

Na rubuta, na gani, ba zan sake faɗa ba.

Asabar, bayan azahar

Na je zauren kafin wasan yau. Ni kaɗai, Yaya ta raka ni bakin titi kawai. Darakta ya tare ni da rawar jiki, wai daga yau mu biyu za mu riƙa zama, ni ganga da faranti da fedal, shi allo. Ya faɗe shi kamar kyauta yake ba ni. Na ce zan duba.

Mai Gilashi yana kujerata. Ya miƙe zumbur. Kafin in zauna ya fara ba da haƙuri. Wai a ƙarshen nan ya kai hannu zai kunna ganga, sai ya ji zauren ya yi wani iri, hannun ya ƙi. Wai ya san ya saɓa abin da na ce, ba zai sake ba.

Na bar shi ya gama. Na ce ruwan samansa ya makara. Ya ce haka ne. Na ce kwale-kwalensa ya zama jirgin ƙasa. Ya ce haka ne. Na ce lasifikar hagu tana shaƙewa, shi da ma'aunin ƙararsa bai gani ba? Ya ce bai gani ba.

Na ce ya buɗe min layin ganga, ya cika allon da shi. Ja ya cika gabana. Na ce ya cire ta daga fitowar ƙarshe gaba ɗaya.

Ya tsaya. "A cire, Anti?"

Na ce da ma can niyyata ke nan, lokaci ne ban samu ba.

Ya ce haka ne.

Na ce ya matsa min, ya jawo bencinsa kusa, kuma ya kula da ƙusa.